Maganin Homon Bayan Ɗaukewar Al'ada da Tsufan Fata: Hujjojin Bincike da Halin Matan Unguwar Dosa, Kaduna

1.0 Ɗaukewar al'ada

Ɗaukewar al'ada ita ce tsayawar jinin haila gaba ɗaya saboda ma'ajiyar ƙwai ta mace ta daina aiki. Likitoci ba sa tabbatar da ita sai mace ta cika wata 12 ba ta ga jini ba, alhali ba ciki ko shayarwa ko wata cuta ce ta hana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata suna kaiwa wannan mataki tsakanin shekara 45 da 55. A Nijeriya, binciken da Okonofua da abokan aikinsa suka buga a 1990 kan matan Yarbawa 563 ya sami matsakaicin shekara 48, wani kuma da aka yi a Zariya aka buga a 2011 ya sami wajen shekara 46. Ke nan macen da Allah ya ja wa kwana ta kai 70 za ta yi fiye da shekara 20 a wannan hali.

Da ma'ajiyar ƙwai ta tsaya, sinadarin istirojin yakan yi ƙasa ƙwarai a jini. Istirojin yana cikin sinadaran da ake kira homon, wato 'yan aiken da wata gaɓa ke zubawa a jini don su isar da umarni ga wasu gaɓoɓi. An fi saninsa da aikin mahaifa da mama, amma ƙashi da jijiyoyin jini da ƙwaƙwalwa da fata duk suna karɓar umarninsa. Alamomin da aka fi ji su ne zafi mai tasowa daga ƙirji zuwa fuska, gumin dare, rashin barci, ciwon gaɓoɓi da bushewar gaba. Canjin fata kuwa a hankali yake zuwa, shi ya sa ake jingina shi ga tsufa kawai, ko ga wahalar haihuwa da ɗawainiyar gida.

2.0 Ginin fata da aikin istirojin a cikinta

Fata hawa uku ce. Akwai ɓawon waje mai siriri, wanda ke tare ruwan jiki kada ya tsere, a cikinsa kuma ƙwayoyin da ke yin launi suke. Akwai hawan tsakiya mai kauri, sannan kitsen da ke ƙarƙashi. Hawan tsakiya shi ne abin da majemi ke jemewa bayan ya kankare gashi da nama, har ya zama fatar da baduku zai ɗinka takalmi ko jaka da ita. Ƙarfinsa daga wasu zarurruka ne da ake kira kolajin, waɗanda su ne fiye da kashi 70 cikin 100 na nauyinsa idan an cire ruwa. Su ne ke narkewa idan an daɗe ana dafa ganda ko ƙafar sa, romon ya yi danƙo ya daskare da ya huce. Tare da su akwai ilastin, zaren da ke mayar da fata wurinta idan an ja ta, da wani sinadari mai yauƙi, hayaluronik, wanda ke riƙe ruwa a tsakanin zarurrukan.

Masaƙan wannan hawa wasu ƙwayoyin halitta ne da ake kira faiburobulas. Kullum cikin saƙa sabon zare suke, yayin da wasu sinadarai ke warware tsoho. Istirojin yana shiga ƙwayar, ya manne wa wani makarɓi da aka tanada dominsa, ya sa a ƙara saƙa, a rage warwara. Makarɓan iri biyu ne, alfa da bita. An gano bita a 1996 a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin, kuma shi ne ya fi yaɗuwa a fata da tushen gashi da jakunkunan maiƙo. Idan istirojin ya janye, saƙa takan yi sanyi, warwara ta ci gaba yadda take.

Tun a 1941 likitan Amurka Fuller Albright, wanda ya danganta zaizayewar ƙashin mata da ɗaukewar al'ada, ya lura cewa matan da ƙashinsu ya yi gautsi fatarsu ma ta yi siriri. Dalili a fili yake, domin kolajin iri ɗaya ne ke riƙe ƙashi da fata. Wanda ya auna abin da lissafi shi ne Mark Brincat, likitan mata ɗan ƙasar Malta, lokacin da yake aiki a Landan a shekarun 1980. Ya nuna cewa kolajin na fata yana raguwa da kimanin kashi 2.1 cikin 100 a kowace shekara bayan ɗaukewar al'ada, kaurin fata kuma da kashi 1.13. Asarar ta fi tsanani a farko, har ana ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 na iya tafiya a shekara biyar na farko. Abin da ya fi jan hankali a aikinsa shi ne cewa asarar ta fi bin yawan shekarun da mace ta yi ba ta al'ada fiye da shekarunta na haihuwa. Mata biyu 'yan shekara 55, ɗaya al'adarta ta ɗauke tana 44, ɗaya tana 53, ba za a sami fatarsu daidai ba.

Abin da mace ke gani a jikinta shi ne bushewa da ƙaiƙayi, fata ta saki a haɓa da wuya da dantse, rauni ya riƙa jinkirin warkewa. Gashin kai yakan yi sirara, wasu kuma 'yan gasu su fito musu a haɓa, saboda ɗan homon na maza da ke jikin kowace mace ya sami sarari bayan istirojin ya ja baya. Fatar gaba da mafitar fitsari ta fi kowace dogara ga istirojin, shi ya sa bushewa da raɗaɗi a wajen ba sa yin sauƙi da kansu kamar yadda zafin jiki ke yi bayan wasu shekaru.

3.0 Tarihin maganin a taƙaice

An ware istirojin a ɗakin bincike a 1929, aikin Adolf Butenandt a Jamus da Edward Doisy a Amurka, kowa da nasa. A 1942 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin istirojin mai suna Premarin, wanda ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki. A 1966 wani likitan mata na New York, Robert Wilson, ya fitar da littafin Feminine Forever, inda ya ɗauki ɗaukewar al'ada a matsayin cutar rashi, ya yi wa mata alkawarin ƙuruciyar jiki da ta fata muddin suna shan maganin. Daga nan batun kyau ya shiga tallan istirojin, tun kafin a sami hujjar da za ta ɗauke shi. A 1975 aka gano cewa istirojin shi kaɗai yana ƙara sankarar bangon mahaifa, sai aka riƙa haɗa shi da wani homon na mata, furojestaron, ko danginsa ga duk macen da ba a cire wa mahaifa ba. Wannan ƙa'ida tana nan har yau.

A watan Yuli na 2002 aka dakatar da wani babban gwaji na Amurka mai suna WHI, wanda ya ƙunshi mata 16,608, bayan shekara 5.2. Cikin mata 10,000 masu shan haɗin magungunan biyu na shekara guda, an sami ƙarin 8 masu sankarar mama, 8 masu shanyewar ɓarin jiki, 8 masu gudan jini a huhu, da 7 masu ciwon zuciya, an kuma sami ragin 5 a karayar ƙugu da 6 a sankarar hanji. Miliyoyin mata suka ajiye maganin. Daga baya aka sake duba alƙaluman, aka lura cewa matsakaicin shekarun matan 63 ne, da yawansu sun yi fiye da shekara 10 da daina al'ada. Matsayin ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Arewacin Amurka a 2022 shi ne cewa ga mace 'yar ƙasa da shekara 60, ko wadda ba ta kai shekara 10 da daina al'ada ba, mai alamomi masu takurawa kuma marar wata cuta mai hanawa, amfanin maganin ya rinjayi haɗarinsa. Ba a tsara gwajin WHI don auna tsufan fata ba.

4.0 Abin da maganin ke yi wa fata

Hujjojin sun kasu biyu, kuma yawan ruɗanin da ake samu daga haɗa su ne. Akwai awon abin da ke cikin fata, wato kauri da kolajin da danshi. Akwai kuma awon abin da ido ke gani a fuska, wato tamoji da sakin fata.

A kashi na farko sakamakon ya kusa zama baki ɗaya. A 1983 Brincat ya buga cewa matan da aka dasa wa istirojin da testostaron, homon na maza, a ƙarƙashin fata sun fi waɗanda ba su karɓi komai ba yawan kolajin da kashi 48 cikin 100. A 1994 Maheux da abokan aikinsa a Kwibek ta Kanada suka yi gwaji mai tsari kan sistocin cocin Katolika 60. Zaɓen sistoci dabara ce mai kyau, domin rayuwarsu iri ɗaya ce, abincinsu ɗaya, ba sa yawan shiga rana. An raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suka sha istirojin, rabi suka sha ƙwaya marar magani, ba wadda ta san abin da take sha. Bayan wata 12 hawan tsakiyar fatar masu shan istirojin ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100. A 1997 Gillian Ashcroft da abokan aikinta a Manchester suka nuna cewa ƙaramin rauni ya fi saurin haɗewa a jikin tsofaffin mata masu shan maganin, har ya kusa kamo na 'yan mata. Wasu ƙananan bincike sun sami ƙarin danshi a ɓawon waje da ƙarin ƙarfin fata na komawa wurinta.

A kashi na biyu labarin ya sha bamban. Gaskiya ne binciken Dunn na 1997, wanda ya duba bayanan mata 3,875 a Amurka, ya sami ƙarancin bushewa da tamoji a masu shan istirojin. Amma bincike ne na kallo kawai, ba na raba mutane da ƙuri'a ba, kuma an san matan da ke neman wannan magani a can sun fi wadata, sun fi zuwa asibiti, sun fi kula da jikinsu. Mai kyan fata saboda hutu da cima za a iya lissafa ta cikin nasarorin ƙwaya. Da aka zo gwaji mai tsari, alkawarin Wilson bai cika ba. A 2008 Phillips da abokan aikinta suka bi mata 485 na mako 48 da ƙaramin awon haɗin homon, ba su ga canjin a zo a gani a tamojin fuska ko sakinta ba. An soki wannan aiki da cewa awon maganin ya yi kaɗan, matan kuma sun yi nisa da ɗaukewar al'ada. Gwajin KEEPS ya amsa rabin wannan suka, domin ya ɗauki matan da ba su wuce shekara uku da daina al'ada ba, ya bi su shekara huɗu, wasu da ƙwaya, wasu da filastar mannawa, wasu da marar magani. A ɓangaren fata, wanda ya ƙunshi mata 116 aka buga a 2016, an auna tamoji a wurare 11 na fuska da wuya, ba a sami bambanci tsakanin ƙungiyoyin ba.

Binciken da ya fi bayyana wannan saɓani shi ne na Rittié a Jami'ar Michigan a 2008. An shafa wa tsofaffi 70, mata da maza, istirojin a wurare daban-daban na jiki har mako biyu, sannan aka ɗebi ɗan yankin fata aka auna. A ƙugu, inda tufa ke rufewa, saƙar kolajin ta tashi. A fuska da sangalin hannu, inda rana ta daɗe tana duka, ba abin da ya motsa. Masaƙan da rana ta lalata ba sa jin kiran istirojin. Tsufan fata iri biyu ne, na ciki wanda shekaru da homon ke jawowa, da na waje wanda rana da taba ke jawowa, kuma mafi yawan abin da ake gani a fuska na waje ne. Maganin homon yana taɓa na farko, kuma amfaninsa yana tsayawa idan an daina.

Akwai kuma illa ga fatar kanta. Istirojin yana iya tayar da baƙin tabon nan na kumatu da goshi da leɓen sama, irin wanda wasu mata ke yi lokacin ciki ko shan ƙwayar tazarar haihuwa, kuma wannan tabo ya fi kama masu duhun fata. Filasta takan sa ja da ƙaiƙayi a inda aka manna ta, a zafin bazara kuma gumi yakan ɓamɓare ta. Wasu dangin furojestaron suna kawo ƙuraje.

5.0 Baƙar fata, rana da hunturu

Galibin waɗannan gwaje-gwaje a kan Turawa aka yi su, saboda haka sai da lura ake ɗora sakamakonsu a kan macen Unguwar Dosa ko Kawo ko Malali. Gwajin KEEPS ya ba da haske a nan: abin da ya fi komai faɗin yawan tamoji a cikin matan shi ne launin fata, baƙaƙen mata kuma su ne mafi ƙarancin tamoji, da magani ko ba magani. Dalilin shi ne melanin, sinadarin launi. Awon Kaidbey na 1979 ya nuna cewa ɓawon baƙar fata yana tare hasken rana mai ƙuna da ƙarfin kusan 13.4 a ma'aunin kariya daga rana, na farar fata kuwa 3.4. Don haka tamojin da Baturiya ke gani tana 45 yakan jinkirta wa Bahaushiya shekaru masu yawa. Tsufan baƙar fata ya fi fitowa ta rashin daidaiton launi, duhun zagayen ido, sakin kumatu, da ƙananan baƙaƙen tsiro a fuska da wuya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka tabbatar maganin homon yana gyarawa, na farkon ma yana iya ƙara shi.

Kaduna tana kusan digiri 10 da rabi arewa da layin da ya raba duniya, rana tana da ƙarfi duk shekara. Hijabi da mayafi suna kare wuya da dantse da ƙirji, amma fuska da bayan hannu a buɗe suke, kuma irin waɗannan wurare da rana ke duka ne binciken Michigan ya ce istirojin ba ya amfanarwa. Matar da ke zaman talla ko sayayya a Kasuwar Kawo ranar Talata, ko mai suyar awara a bakin titi, tana shan rana da hucin wuta fiye da mai zaman ofis.

Babbar jarrabawar fata a nan ita ce hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska mai ƙura ta hamada takan shanye danshin sarari, fata ta yi furu-furu, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso. Macen da al'adarta ta ɗauke tana shiga wannan lokaci da ɓawon fata mai rauni da ƙarancin maiƙo. A kan haka ga wanka da ruwan zafi sosai saboda sanyi, ga sabulu mai kaifi, ga wanki da wanke-wanke da omo, ga alwala sau biyar wadda ruwanta ke bushewa a hannu da ƙafa ya tafi da ɗan danshin da ya rage. Yawancin ƙaiƙayin da ake kukansa a watan Janairu daga nan yake, kuma maganinsa mai araha ne. Sai dai ƙaiƙayin da ya ƙi ji ya wuce hunturu yana bukatar gwajin suga, da na hanta da ƙoda da maƙoƙo, da na ƙarancin jini, kafin a ɗora laifin a kan homon.

6.0 Homon ɗin da ke cikin man bilicin

Maganin homon na ɗaukewar al'ada ba abu ne da ya yaɗu a Arewa ba. Da yawa ba su ji labarinsa ba, wasu suna ganin alamomin girma ne da ake haƙuri da su, ga kuma tsada. Amma akwai wani homon da mata da yawa ke shafawa kullum ba tare da sun san homon ne ba, wato sitiroyid da ke cikin mayukan bilicin, irin su kulobetasol da betametason. Dangin kotisol ne, homon ɗin da wata 'yar gaɓa a saman ƙoda ke fitarwa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan hasken fata, a 2023 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa.

Aikin sitiroyid a fata kishiyar aikin istirojin ne kai tsaye. Yana hana faiburobulas saƙar kolajin, fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi ta fito a dantse da cinya, rauni ya ƙi haɗewa, ɗinkin tiyata ya riƙa yagewa, makero da ƙuraje su samu wurin zama. Idan an daɗe ana shafa shi a jiki duka yana ratsawa cikin jini, ya taimaka wa hawan jini da ciwon suga da zaizayewar ƙashi. Haidurokwinon, abokin tafiyarsa a haɗin da ake kwaɓawa a kasuwa, yana kashe aikin melanin, wato yana cire wa fata laimar da Kaidbey ya auna, in an daɗe kuma ya bar baƙin tabo mai wuyar fita a kumatu. Wasu sabulai da mayuka suna ɗauke da zaiba, mai lalata ƙoda.

Ke nan macen da ta yi shekara 15 ko 20 tana shafe-shafe, ta zo shekara 47 al'ada ta ɗauke, asara biyu ce ta haɗu a fata ɗaya. Ta shiga shekarun nan biyar masu cin kolajin da jarin da an riga an taɓa shi, ta kuma zubar da kariyar da ta bambanta baƙaƙen matan KEEPS da sauran. A ra'ayin wannan takarda, likitan da mace ta kawo wa kukan lalacewar fata a wannan shekaru, tambayar abin da take shafawa ta fi masa amfani fiye da awon homon a jini. Ba a yanke sitiroyid mai ƙarfi farat ɗaya bayan dogon amfani, domin fata takan yi bore da ja da raɗaɗi, jiki ma yana iya galabaita. Sai a hankali, a hannun likitan fata.

7.0 Wadda maganin ya dace da ita

Babu wata babbar ƙungiyar likitoci da ta amince a rubuta wa mace maganin homon na sha ko na mannawa don gyaran fata kaɗai. Dalilan da aka yarda da su su ne zafin jiki da gumin dare masu hana sukuni, kare ƙashi ga mai haɗarin karaya, da ɗaukewar al'ada da wuri. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci: macen da al'adarta ta ɗauke kafin shekara 40, abin da ke samun kusan ɗaya cikin 100, ko wadda aka cire wa ma'ajiyar ƙwai duka biyu a tiyata tana da ƙuruciya, ana so ta karɓi maganin har zuwa shekarun da aka saba dainawa, don ƙashinta da zuciyarta. Duk wadda ta karɓa don ɗayan waɗannan dalilai, kauri da danshin fata gyara ce aka yi mata a kan abin da ta saya.

Haɗarin da ake aunawa da shi ba ƙarami ba ne a Nijeriya. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa shan haɗin istirojin da dangin furojestaron kullum na shekara biyar daga shekara 50 yana ƙara sankarar mama ɗaya a cikin mata 50 a tsawon shekara 20, istirojin kaɗai kuma ɗaya a cikin 200. Sankarar mama ita ce ta fi kowace sankara kama mata a ƙasar nan, an ƙiyasta sababbin masu ita fiye da 28,000 a 2020, kuma galibi ana zuwa asibiti ne bayan ta yi nisa. Matan da aka yi waɗancan gwaje-gwaje a kansu ana yi musu hoton mama a kai a kai. Maganin bai halatta ga wadda ta taɓa sankarar mama ko ta mahaifa ba, ko gudan jini a ƙafa ko huhu, ko shanyewar ɓarin jiki, ko bugun zuciya, ko mai ciwon hanta da ke ci, ko mai zubar jinin da ba a san dalilinsa ba. Mai hawan jini sai an daidaita shi tukuna. Filasta da man shafawa sun fi ƙwaya sauƙi ta fuskar gudan jini, saboda ba sa bi ta hanta kafin su shiga jiki. Duk wannan aikin likitan mata ne, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da Asibitin Sojoji na 44, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Sayen istirojin a kemis bisa shawarar ƙawa, musamman ga mai mahaifa ba tare da furojestaron ba, komawa ne ga kuskuren da aka gano tun 1975.

Wani abu da ya kamata a faɗa wa mace Musulma tun farko shi ne cewa tsarin da ake shan furojestaron kwana 12 zuwa 14 a wata yana dawo da jini duk wata. Wannan ya shafi sallah da azumi, kuma tambaya ce da za ta kai wa malaman fiƙihu. Tsarin shan magungunan biyu kullum, wanda ake ba wadda ta shekara da dainawa, ba ya kawo jinin wata, ko da yake ana iya ganin ɗigo a watannin farko. Ga wadda ba ta shan komai kuwa, duk jinin da ya zo bayan wata 12 da ɗaukewa abin kai wa asibiti ne, ko da ɗigo ɗaya ne.

Wuri ɗaya da istirojin ke gyara fata ba tare da jayayya ba shi ne gaba. Ƙaramin awo na cusawa ko shafawa a wajen yana dawo da kauri da danshi, yana rage raɗaɗin saduwa da yawan ciwon mafitsara, kuma kaɗan ne ke ratsawa cikin jini. Kunya kan sa mata su nufi kayan mata da matsi, alhali abubuwa masu tsuke fata irin su alif da kanwa ƙara wa siririyar fata rauni suke yi. Farin tabo mai ƙaiƙayi a wajen kuma wata cuta ce daban mai nata magani, sai an duba.

8.0 Abin da ke hannun kowa

Waken suya, wanda jihar Kaduna ke nomawa da yawa, yana ɗauke da sinadarai masu kama da istirojin, suna kuma manne wa makarɓin bita, amma ƙarfinsu kaɗan ne, gwaje-gwajen da aka yi a kansu ƙanana ne. Awara abinci ne mai gina jiki, ba a ɗauke ta magani ba. Ganda ma haka, domin hanji yana farfasa kolajin kamar kowane nama kafin ya shiga jini. Abin da hujja ta tsaya a kansa shi ne shafa mai a kan fata mai laima da an fito wanka. Basilin yana toshe tserewar ruwa kusan gaba ɗaya, gilisirin yana jawo danshi, man kaɗanya na ainihi yana laushi da rufewa. Ruwa mai ɗumi ya fi mai zafi, sabulu marar kaifi ya fi soso mai kankara. Game da rana, gwajin Nambour na Ostireliya da aka buga a 2013 ya bi mutum 903 na shekara huɗu da rabi, ya sami ragin kashi 24 cikin 100 na tsufan fata a masu shafa man kare rana kullum. Fararen fata ne, amma ga baƙar mace mai tabon kumatu, ko wadda bilicin ya kware wa fuska, wannan mai da inuwa su ne farkon magani. Man tiretinoyin, dangin bitamin A, shi ne na shafawa da aka fi tabbatar da aikinsa a kan fatar da rana ta tsufar, sai dai a baƙar fata yana iya barin tabo in ya yi kaifi, don haka da likita ake fara shi.

Alƙaluman Brincat daga Landan suka fito, na Maheux daga Kwibek, wuraren da ba su san hunturun hamada ko kwaɓin bilicin ba. Ana iya auna kaurin fata da na'urar sikanin mai ƙarfi ba tare da yanka ba, ana kuma auna danshi da tserewar ruwa da ƙananan na'urori na hannu. Kira ga sassan likitancin mata da na fata a Barau Dikko da Shika shi ne su haɗu su auna matan Kaduna ta Arewa 'yan shekara 40 zuwa 60, masu shafe-shafe da marasa yi, sau ɗaya a Janairu, sau ɗaya a Agusta.